Taɓaryar Baba Walta

Ranar Asabar ce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ina durƙushe a kicin ɗin yayata Bilkisu a unguwar Ladywood ta Birmingham ina dakan yaji, sai mijinta ya shigo da kofin shayi a hannu. Yaya Kabiru mutum ne mai tsokana. Ba ya wuce ni bai ce, "Sa'a sarkin daka, yau ma za ki haɗa mu da ta ƙasa?" ba, don matar da ke hawan ƙasa da mu ta taɓa hawowa ta yi ƙorafin ƙarar turmi. Ran nan ya fara, "Sa'a sarkin…" sai ya yi shiru. Na ɗaga kai. Ba fuskata yake kallo ba, hannuna yake kallo.

"Sa'adatu," in ji shi. Tun da na zo ƙasar nan bai taɓa kiran cikakken sunana ba. "Kada ki ƙara bugawa. Kada kuma ki bari ya faɗi. Kwantar da shi a kan tawul ɗin nan. A hankali."

Na kwantar. Na ce, "Yaya, lafiya?"

"A ina kika samo wannan abin?"

"Taɓarya ce. Ta Baba Walta."

"Ba taɓarya ba ce," in ji shi. "Bom ne."

Wata biyu ke nan da yin wannan, kuma har yau in na ji ana daka a wani gida sai na fita waje. Amma ba don in ba ku tsoro nake rubuta wannan ba. Ina rubutawa ne saboda ku ƙannena da kuke ta turo mini saƙo daga gida kuna cewa in nema muku aikin kula da tsofaffi, wai ai wanka ne kawai da ba da abinci, abin da kuke yi wa kakanninku kullum. Kafin in koma kicin ɗin, sai na gaya muku yadda aikin yake, don ta nan abin ya shigo hannuna.

Gidan farko da na shiga a Manchester, ba ni na buɗe ƙofar ba. Anti Mariya ce, wata 'yar Kumasi mai Hausar zango, wadda kamfani ya haɗa ni da ita in bi ta sati biyu ina kallo. A jikin bangon kowane gida akwai ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi, a ciki makulli yake. Ta ɗauko makullin, ta buɗe ƙofa, amma ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya ta faɗi sunanta, ta jira aka amsa. Na ce mata, "Anti, ai makullin na hannunki." Ta ce, "Makulli na hannuna, gida na hannun mai shi." Darasin farko ke nan. Na biyu, ba a taɓa tsoho sai an gaya masa inda za a taɓa. "Zan ɗaga hannunki na dama. Zan sa ruwa a bayanki." Ko da kina ganin ba ya jin ki, ki faɗa. Ruwan wanka da gwiwar hannu ake gwada shi, don tafin hannunki ya saba da zafi, fatar ɗan shekara tamanin kuwa kamar takarda take.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Safar hannu ta roba, kwali guda a jaka kullum. Rigar leda da ake ɗaurawa a gaba, sabuwa a kowane gida. Wani zane mai santsi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mutum a juya shi ba tare da an ja fatarsa ba. Injin ɗaga mutum daga gado zuwa kujera, hoist muke ce masa, wanda doka ta hana mutum ɗaya ya yi aiki da shi komai saurin da yake yi. Akwatin magani mai ɗakuna bakwai, kowace rana da ɗakinta, an raba shi na safe da na yamma. Sai waya, inda kike rubuta abin da ya ci, abin da ya sha, ko ya zagaya, ko akwai ja a bayansa. Kakarki ta gida tana da 'ya'ya da jikoki da maƙwabta masu leƙowa. A nan, sau da yawa ke kaɗai ce za ki ga mutumin ranar. Abin da idonki ya tsallake, ba mai ganinsa.

A satina na uku ni kaɗai na ba wata tsohuwa a Old Trafford ƙwayar yamma da safe. Ɗakunan akwatin na yi wa kallon sauri. Ina fita gidan na gane. Na kira Anti Mariya, na ce ko in yi shiru tunda matar lafiyarta lau. Ta ce, "Kashe wayar nan ki kira ofis yanzu. A aikin nan, kuskuren da kika faɗa da bakinki kuskure ne. Wanda aka gano, laifi ne." Na kira. Aka kira likitan matar, ya ce a sa mata ido zuwa yamma, ba komai. Aka sa na sake zama ajin magani na kwana ɗaya. Shi ke nan.

Sanyin shekarata ta biyu shi ne mafi muni. Mura mai tsanani ta kwantar da rabin ma'aikatanmu, mu da muka rage aka raba mana gidajensu. In fita da duhun asuba, in bi bas biyu, in yi gida tara, wani lokacin sha ɗaya. Fatar yatsuna ta tsattsage saboda wanke hannu. A wata biyu uku daga cikin tsofaffina suka rasu, ɗaya ni na same ta a kujerarta da shayin jiya a gefenta. Ana koya miki abin da za ki yi: kada ki motsa komai, ki kira, ki jira, ki rubuta. Ba a koya miki yadda za ki shiga gida na gaba bayan minti arba'in ki yi murmushi ki tambaya ko ƙwai ake so ko hatsi. Wannan ke za ki koya wa kanki.

A cikin wannan sanyin aka ba ni Baba Walta, a Withington. Dogon mutum ne, ya haura tamanin, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya, Karen, tana wani gari. Ranar farko na tsaya a ƙofa na faɗi sunana, sai na ji daga falo an ce, "Sannu, aboki!" Na ɗauka kunnena ne. Na shiga na ga Bature a kujera da bargo a gwiwa yana dariya. Ya ga hijabina da fuskata ya yi caca, ya ci. Mutumin Kanada ne, tsohon soja. Da yana saurayi an kai shi Kongo da shuɗiyar hula, cikin sojojin kiyaye zaman lafiya, yana aikin rediyon sadarwa, kuma a kusa da su akwai sojojin Najeriya. Su suka koya masa "sannu" da "madalla" da "kawo ruwa". Na ukun ya ce dole ce ta sa ya koya, ranar da wani kofur ya ba shi tuwo da miyar da ta sa ya ga kakanninsa.

Aski shi ne aikin da ya fi so, kuma a lokacin yake ba da labari. Aske tsoho ba kamar na saurayi ba ne. Fatar ta saki, sai kin ja ta da yatsu biyu kafin reza ta bi, kuma in yana shan maganin tsinka jini, 'yar yanka kaɗan za ta ɓata muku safiya. Baba Walta kuwa ba ya rufe baki. Sai in ce, "Baba, yi shiru in gama haɓa." Ya ce, "Yes, Sajan." Ya yi shiru na daƙiƙa biyar ya ci gaba.

Yawancin labarinsa na Jamus ne. Can aka fara kai shi, lokacin yaƙin cacar baka, cikin sojojin ƙawancen ƙasashen yamma, suka zauna shekaru suna jiran Rasha ta ƙetaro. Ba ta ƙetaro ba. Ya ce aikinsu shi ne shiri: a tashe su bagatatan, su ɗora kaya a mota su shiga daji, ba wanda zai gaya musu ko atisaye ne ko abin ya zo, sai sun kwana biyu a cikin taɓo a ce su koma. Na tambaye shi me ya kai Kanada faɗan da ba nata ba. Ya jawo gishiri ya ajiye a gabansa, ya ce Amurka ke nan. Ya ajiye barkono a can gaba, ya ce Rasha. Sai ya tura faranti mai man shanu tsakaninsu. "Ku a taswirar makaranta kuna ganin ɗaya a hagu ɗaya a dama. Ba haka ba ne. Hanya mafi kusa ta saman ƙanƙara take, ta kan rufinmu. In waɗannan biyun suka fara jifan juna, mu ne man shanun." Ya ce shi ya sa duk inda wuta ta fara tashi, Masar ne, Kongo ne, tsibirin Saifurus ne, sai ka ga 'yan ƙasarsu sun ruga sun tsaya a tsakiya kafin manyan su shigo. A Saifurus ya yi wata shida a kan wani rufi, tsakanin unguwa biyu da ba sa ga maciji, da bindigar da aka hana shi harbawa. Ya ce ya san kowace mage a layin da sunanta.

To, ga inda aikin yake da wuya. Baba Walta yana da ciwon mantuwa. Irin nasa kalmomi yake musanyawa. Butar shayi "rediyo" yake ce mata. Cokali "makulli". Karen kuwa yakan kira ta da sunan mahaifiyarta. Kowane tsoho mai wannan ciwon yana da nasa ƙamus, kuma ma'aikaciyar kirki tana haddace shi. In ya ce, "Kunna rediyo," ba na gardama, ruwa nake ɗorawa. Na ƙware a wannan har Karen takan kira ni ta ce, "Sa'a, Dad ya ce a kawo masa jaridar ƙafa, me yake nufi?" In ce safa. Na fara jin kaina.

Ƙofar baya ta kicin ɗinsa ba ta tsayawa a buɗe, sai an tokare ta. Abin tokarewar wani ƙarfe ne baƙi wuluk, an shafe shi da fenti mai kauri, tsawonsa bai kai daga wuyan hannuna zuwa gwiwar hannu ba. Gefe ɗaya mai kumburi, gefe ɗaya siriri, daidai riƙon hannu. Wata rana ina goge ƙasa na ɗauke shi, na ji nauyinsa ya zauna mini a hannu yadda ake so. Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Mortar."

A makarantar 'yan mata a Zariya, malamar Turancinmu ta sa mun haddace kayan kicin da waƙa. Mortar turmi, pestle taɓarya. Na ci wannan a jarrabawa. Sai na ce, "A'a Baba, ba mortar ba. Pestle. Mortar shi ne mai rami, wanda ake zubawa a ciki."

Ya yi dariya har ta zama tari, sai da na ba shi ruwa. Ya ce, "Mortar na ce miki, Sajan. Daga Jamus na zo da shi. Kada ki yar."

Na ce to. A raina na ƙara layi ɗaya a ƙamus ɗinsa: taɓarya, turmi yake ce mata. Ban san Turawa suna da wata ƙaramar igwa mai wannan sunan ba, balle in san harsashinta ma haka ake kiransa. Ku riƙe wannan, ya fi duk abin da na faɗa a baya. Tsoho mai ruɗewa ba kullum yake a ruɗe ba. Ranar da kika saba fassara shi har kika daina sauraronsa, ranar kika zama haɗari. Mutumin nan ya gaya mini gaskiya sau biyu a jere da kalmar da ta dace, ni kuma na gyara masa Turanci.

Da bazara ta shigo ya faɗi a banɗaki, ba a lokacin aikina ba, ƙugunsa ya karye. Daga asibiti gidan kula da tsofaffi aka wuce da shi. Karen ta zo kwashe kayan gidan, ta kira ni ta ce in zo in zaɓi wani abu in riƙa tunawa da shi. Ta nuna mini agogon bango da wasu faranti masu furanni. Na ce ni wancan nake so. Taɓaryar yayata ta itace ta tsage tun bara, kuma injin markaɗe ba ya fitar da yaji yadda daka ke fitarwa. Karen ta ce, "Dad's mortar? Tun ina yarinya yake tokare ƙofar nan. Mum ce ta yi masa fenti don ya daina tsatsa. Ɗauka mana." Da na ji ita ma ta ce mortar, sai na yanke cewa mutanen Kanada suna ɗaya suke kiran turmi da taɓarya.

Na naɗe shi da ɗankwali na sa a jaka. Ranar Juma'a da yamma na hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham, jirgin a cike, har da mutane a tsaye. Wani dattijo ya taya ni ɗora jakar a kantar sama. Ya ce, "Me kika zuba a ciki, duwatsu?" Muka yi dariya. Awa ɗaya da rabi jakar tana saman kan wata mata mai jariri.

Asabar uku na yi daka da shi. Citta, kanumfari, masoro, barkono, ƙuli-ƙuli. Yaya Bilkisu ta ce ba ta taɓa ganin taɓarya mai cin aiki irinta ba, ta ce in tambayi matar ko akwai wata. A ta ukun na ga baƙin fenti yana ɓarewa cikin yajin, sai na sa ruwan zafi da soson ƙarfe na kankare shi tas. A ƙasan baƙin akwai kore, da wasu lambobi da haruffa masu ruwan ɗorawa. Na ɗauka sunan kamfani ne. Na goge shi na ci gaba da daka. A haka Yaya Kabiru ya same ni. Shi a barikin soja ya girma a Kaduna, mahaifinsa soja ne, kuma da wuya ya shigo kicin ana aiki. Ran nan neman sukari ya kawo shi.

Muka fita mu uku muka tsaya a matakala. Allah ya so yaransu suna Islamiyya. Flat ɗin, wato sashensu a benen, a hawa na tara yake, sama da mu mutane, ƙasa da mu mutane. Yaya Kabiru ya fito da waya. Yaya Bilkisu ta riƙe hannunsa.

"Tsaya tukuna. Wa za ka kira?"

"Wa kuwa? Police."

"Kabiru, ka dube ta. Ka dube mu. Hijabi, bom, jirgin ƙasa. Wa zai tsaya ya ji labarin taɓarya? Yarinyar nan visa ɗinta a jikin aikin yake. Ko ba su ɗaure ta ba, sun kora ta gida da suna a goshi."

"To me kike so a yi?"

"Canal, ruwan nan da aka haƙa wa hanya, yana nan baya. A naɗe shi a jefa."

"Wa zai ɗauka? Ke? Ta lif ko ta matakala?"

Sai ta ce, "To ka ce mun tsince shi a bayan kabad, na mutanen da suka zauna kafin mu ne."

"Da yaji a jikinsa?"

"Kai komai wasa ne!"

"Wallahi ba wasa nake ba, Bilki."

Na gane abin da take tsoro, don shi nake tsoro. Na ga hotona a labarai, na ga mahaifiyarmu a Zariya ana nuna mata a waya. Amma Karen ta san wa ta ba, kuma tashar jirgi cike take da kyamara. In muka ƙirƙiri labari aka gano, babu sauran mai yarda da taɓarya. Na ce, "Yaya, ba ni wayar."

"Sa'a, ki bari ni in yi magana," in ji shi.

"Ni na kawo shi. In wani ya faɗa, gano ni aka yi."

Na kira lambar gaggawa. Na faɗi sunana da aikina da adireshin, na ce akwai abin da muke zaton bom ne na tsohon soja a kicin, ni na kawo shi daga Manchester ban san ko mene ne ba. Matar ta tambaye ni ko wani ya taɓa shi. Na ce na yi daka da shi. Ta ce in maimaita.

Cikin minti kaɗan titi ya cika. Aka fitar da kowa daga benen, aka ja igiya a can nesa. Matar hawan ƙasa ta fito da silifas da karenta a hannu, ta dube ni ta dubi hijabina. Wasu suna ɗaga waya suna ɗauka. Wata 'yar sanda mai jan gashi ta zo ta ce wace ce Sa'adatu. Ta ce ba kama ni suka yi ba, amma suna so in bi su ofis in yi bayani, kuma za su riƙe wayata. Yaya Bilkisu ta ce sai dai a tafi da ita. Aka ce ta biyo baya ta jira a waje.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera uku. 'Yar sandan ta zauna a gefe. Wanda ya yi tambayoyin ba ya cikin kaki, kuma tambayoyinsa ba na bom kaɗai ba ne. Yaushe na shigo ƙasar. Da wa nake zama a Old Trafford. Wane masallaci nake zuwa. Wa na yi wa waya ranar Juma'ar da na hau jirgi. Me ya sa na kankare fentin ranar nan musamman. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na ba shi labarin mortar da pestle. Ya rubuta. Ya yi wasu tambayoyin, ya dawo ya ce in sake ba shi labarin daga farko. Na sake. Sau uku.

"Da wane gefen kike bugawa?"

"Mai kumburin."

Ya ajiye biro. "Kamar sau nawa kika buga?"

Na ce, "Yallaɓai, yaji ba a ƙirga masa bugu. Sai ya yi laushi."

'Yar sandan ta sunkuyar da kai. Shi bai yi ko murmushi ba.

Suka kira lambar Karen ba ta ɗauka ba. Suka sake kira ba ta ɗauka ba. Ya ce mini, a yanzu maganata kaɗai suke da ita. Ya fita ya bar ni da 'yar sandan. Azahar ta yi ta wuce. Na ce ina so in yi salla, ta raka ni na yi alwala, ta duba wayarta ta nuna mini alƙibla, ta shimfiɗa mini rigar sanyinta a ƙasa. Ta kawo mini shayi da biskit, na riƙe kofin har ya huce.

Wajen ƙarfe uku mutumin ya dawo. Ya ce sojoji masu kwance bom sun shiga flat ɗin sun duba. Ba na atisaye ba ne, ba kuma fanko ba ne. Mai rai ne, da abinsa a ciki. Sun sa shi a akwati cikin yashi sun kai wani fili a bayan gari sun tarwatsa shi. Sun tafi da turmin da yajin ma. Na tambaya me ya hana shi tashi a hannuna. Ya ce sojan ya ce irinsu ba sa shirin fashewa sai an harba su, amma wanda ya shekara sittin yana tsatsa a bayan ƙofa, ba mai iya rantsuwa a kansa. Daga nan ya dube ni ya ce, tunda mai rai ne, maganar ta ƙara nauyi. Ya sake fita.

Wannan awa biyun ba ni da abin da zan ce a kansu. Akwai agogo a bango, na kalle shi.

Ƙarfe biyar da kwata 'yar sandan ta shigo ita kaɗai, da wayata a cikin leda. Ta ce sun samu Karen, tana wurin iyo da jikarta ne wayar na cikin kabad. Ta tabbatar da komai, ta ce ita ta ba ni, kuma tana ta kuka tana cewa a ba ni haƙuri, duk gidansu sun ɗauka fanko ne. 'Yan sandan Manchester suna gidan Withington yanzu suna duba ko akwai wani.

Na ce, "To ni fa?"

"Ke shaida ce, ba wadda ake tuhuma ba. Ba abin da za a rubuta a kan sunanki."

"Aikina fa? Visa ɗina?"

"Ba abin da zai taɓa su. In kamfaninku ya tambaya, zan gaya musu ke kika kira mu da kanki." Ta tura mini wayar. "An gama, Sa'adatu. Ba abin da zai same ki. Yayarki tana waje, ta kusa cinye mana mai gadin ƙofa. Tashi ki tafi gida."

Na dafa tebur zan tashi, na koma na zauna. Na ce mata ta ba ni minti biyar. Ni na ji maganar, ƙafafuna ne ba su ji ba tukuna.